Ɗan da Ablaye ba ya taɓawa

Asabar, 5 ga Yuni, 1999

Andarawus mai shagon buga takardu ya sa mu cikin gasar diraf ta intanet. Mu huɗu ne ƙungiyar Kontagora: ni, Nuru, Buba ɗan Rijau da Khalilu na Ibeto. Wai da mutanen Dakar aka haɗa mu, kowa da abokin karawarsa. Ka yi tafiya ɗaya a allonka, shi ya buga ta a kwamfuta, gobe amsa ta zo. Ni Maigandi tela, da ba a taɓa ci na sau biyu a jere a gindin ɗorawar tasha ba, yau zan kara da wanda ban ga idonsa ba. To wa ya ce ma akwai shi?

Litinin, 7 ga Yuni

Nawa sunansa Ablaye, wai tsoho ne. Na ce wa Andarawus mu nan ba ma diraf da baki a rufe, duk tafiyar da na yi sai ya haɗa da ba'a. Ya ce babu wannan a doka. Na ce ya buga kawai: "Tsoho, ka sa tabarau."

Laraba, 9 ga Yuni

Amsa ta zo da Turanci, Andarawus ya fassara: "Tela, allura ce ta ci maka ido." Su Nuru har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. Yaya aka yi mutumin Dakar ya san ni tela ne? Andarawus ya ce shi ya faɗa masa. Haka kawai! Zuciyata na ba ni Andarawus ɗin ne da kansa yake zama bayan mun tafi, ya yi tafiyar, ya shirya zagin, gobe ya zuba mini ido yana jin daɗi.

Lahadi, 13 ga Yuni

Ruwa ya kashe layin waya jiya, yau ya dawo. Ko wane ne wannan, ya iya. Yana ba da biyu ya ci uku, kuma ɗan da ke kusurwar damarsa ta baya ko kusa da shi ba ya zuwa, ya bar shi kamar mai gadi. Andarawus kuwa na taɓa ganin wasansa, ko Iyatu matata sai ta cinye shi. Amma ai kwamfutar na gabansa. Wa ya san me take raɗa masa.

Alhamis, 17 ga Yuni

Nuru ya ci, an ci Buba, Khalilu ya yi canjaras. Saura ni. In na ci mun wuce zagaye na gaba. Iyatu ta ce ina magana da Ablaye a kan keken ɗinki. Ƙarya take.

Asabar, 19 ga Yuni

Na ɗana masa tarko, shiru tun shekaranjiya. Yau sai ga saƙo daga ƙungiyarsu: wai Ablaye ya rasu, suna roƙon mu jira a yi zaman makoki, ɗansa ya ƙarasa wasan. Doka ta ce wanda ya wuce lokaci an ci shi, sai in abokin karawa ya yafe. Lokacin kuma ya wuce.

Nuru ya cire hula yana salati. Na ce, "Haba Nuru, mutum bai tashi mutuwa ba sai ranar da ya shiga tarko?" Buba ya ce, "Yaya Maigandi, mu ba ma karɓar ci a gidan rasuwa, ko a tasha in an yi mutuwa ai kife allo ake." Na ce to a jira. Ba don tausayi ba, so nake in kama su. Na san hannunsa, in ya dawo zan gane.

Na sa Andarawus ya buga: "Ku gaya wa tsoho in ya gama mutuwar ya tashi ya yi tafiyarsa." Ya ce, "Malam Maigandi, wannan fa ba ta da daɗi." Na ce ko yana tsoron zagin kansa ne? Ya dube ni, ya buga.

Talata, 22 ga Yuni

Shiru. Andarawus gaisuwa kawai yake amsa mini.

Laraba, 23 ga Yuni

Tafiya ta zo. Ɗan kusurwar dama aka tura.

Na daɗe a tsaye kan allon. Ablaye ko da wuƙa ba zai taɓa shi ba. Kuma mai shirya ƙarya ba zai jefa wasa haka ba, don wannan tafiyar ta buɗe mini gidan gaba ɗaya. Ƙarƙashinta akwai rubutu. Andarawus ya karanta ba tare da ya ɗago ba: "Ni ɗansa ne, ban iya sosai ba. Baba yakan sa in karanta masa maganarka sau biyu, ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Ta ƙarshen ni kaɗai na karanta."

Ban ci tuwo ba.

Juma'a, 25 ga Yuni

Yaron ya sallama, na ci wasan, mun wuce. Su Khalilu sun zagaya tasha da babur suna hon. Andarawus ya tambaye ni wace ba'a za a haɗa. Na ce ya rubuta Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sai na ce ko waccan ta ranar Asabar za ta gogu. Ya ce abin da ya tafi ya tafi.

Bayan masallaci na sayi masa wajen Fure mai tuya na raba a gindin ɗorawa. Iyatu ta ce sadakar wa? Na ce wani abokin wasa ne. Ta ce ɗan wace unguwa, ta je gaisuwa? Na ce da nisa.

Allon yana nan shagon yadda muka bar shi. Na mayar da ɗan Ablaye kusurwarsa.