Sikelina Bai San Sabuwar Manhajarku Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mana da manhajar awon hatsi,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni mai sayen waken suya da masara ce a Malumfashi. Na rubuto a fili ne don na kira ofishinku har na gaji, kullum sai a ce oga yana mitin.

Saƙonku ya iso. Wai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutata ta tsufa, in ban sauya ta kafin ƙarshen wata ba, za ku rufe mini manhajar awo. To, ga amsata.

Na ɗaya: kun ce sauyin kyauta ne. Wace irin kyauta ce sai na sayi sabuwar kwamfuta, tunda tawa ba za ta ɗauka ba? Na je Funtuwa na ji farashi, na dawo da ciwon kai. Jarin sayen kayan manoma kuke so in zuba.

Na biyu, nan gizo ke saƙa. Sikelina haɗe yake da kwamfutar. Buhu ya hau, nauyi ya fito a takarda, manomi ya gani da idonsa. Maƙwabcina Alhaji Sule ya bi umarninku, sabuwar manhajar ta ƙi gane sikelinsa. Ina kallo mutanen Tsiga suka mayar da buhunansu kan babura suka yi gaba. Injiniyanku ya ce ya sayi sabon sikeli. Shi ma cikin kyautar yake?

Na uku: kaka muke ciki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk damina shagona hamma yake yi, ba ku tuna da ni ba sai yanzu. Manomin da ya taso daga Maska ba ya jiran kwamfuta ta gama tunani. In ya saba da wani, ya tafi ke nan. Wannan ne ke ba ni tsoro, kuma shi ne ke ba ni haushi.

Kun ce tsohuwar manhaja ƙofa ce ga ɓarayin intanet. Ban ƙaryata ba. Amma ɓarawon bai zo ba tukuna, ku kun riga shi.

Roƙona: ku ɗaga wa'adin zuwa bayan kaka, ku turo injiniya ya gwada sikelina a gabana, ku faɗi kuɗin sauyin gaba ɗaya ba ɓoye-ɓoye. Kafin nan, ba mai taɓa kwamfutata.

In kuka rufe, tiyar awon da na fara sana'a da ita tana nan rataye. Na sha wuya kafin manoma su yarda da sikeli, amma ranar da na sauko da tiyar nan, ba ni ba ku har abada. Ita dai ba ta taɓa cewa in sabunta ta ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka kunnen sauraro.

Wassalam.

Saratu mai waken suya,
Malumfashi