Baba Ya Kira Sunanki

Kamarawa,
ta hannun Malami direba, tashar Isa.

Zuwa ga yayata Adda Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki da malamanku na jami'a. Yaya sanyin Jos, yaya kuma shirin jarrabawa? Allah Ya buɗa maki ƙirji, Ya sa ki riƙe abin da kinka karanta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta, hannuna ya fi sabawa da sanda.

Mutanen gida suna nan da rai, alhamdu lillahi. Kakarmu Inno ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida. Inna tana fama, ita da matata Hajo, kullum suna daji neman anza da ganyen tafasa, su jiƙa su wanke su dafa. Farin da ake ciki kam kin bar shi da sauƙi. Geron bara bai fid da kai ba ya ƙone a tsaye, gulbi ya zama rairayi, sai an yi tono ya kai ƙirjin mutum kafin a ga laima. Mutanen arewa suna ta gangarowa ta Sabon Birni da jakuna da tabarmi, wasu har gidan tururuwa suke tonawa neman ƙwayar hatsi. Shanunmu kuwa kin san yadda kinka bar su. Sai da ta kai kowace safiya mu sa itace ƙarƙashin cikin saniya mu ɗaga ta, wani ya kama wutsiya, in ta tsaya mu gode Allah. Wadda ta ƙi tsayawa mahauta su zo su ja. Yanzu garken babu ko ɗaya.

Adda, ba labarin shanu ya sa na ɗauki alƙalami ba. Baba ne ba ya cin abinci, kuma tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Ga yadda abin ya faro. Da rumbu ya ƙare, anka ce an kawo hatsin taimako Isa. Ni da Inna munka shirya in tafi ba tare da Baba ya sani ba, don kin san halinshi, mutumin da a da shi ke aika ƙwaryar nono gidajen mutane, ba a kawo mashi. Na bi layi cikin rana har na kai gaban mai rabo, sai ya tambaye ni sunan maigidanmu. Nan na tsaya kamar an ɗaure mani baki. Tun da anka haife ni ban taɓa furta sunan Baba ba, yaya za ni fara a gaban taro? Ba kuma za ni ce ni ne maigida ba alhali yana raye. Mutumin ya sake tambaya, ya ce ko kurma ne anka turo mashi. Sai Ɗanmusa mai kai goro Maraɗi, yana bayana, ya ɗaga murya don ya taimake ni, ya ce ai ɗan Usmanu mai shanu ne na Kamarawa. Layin nan kaf anka waiwayo. Akwai waɗanda Baba ya taɓa ba aron saniyar tatsa a ciki, na ga sun sunkuyar da kai. Ɗanmusa bai yi don mugunta ba, har ya taya ni ɗora buhun a kan jaki.

Masara ce anka ba mu, irin mai ruwan ɗorawar nan da ba a nomawa a ƙasarmu. Inna ta gauraya ta da ɗan geron da ya rage don ta ɓoye, amma launi ya tona mu. Baba ya buɗe akushi, ya daɗe yana kallon tuwon, ya mayar da murfi ya ce ya ƙoshi. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa komai ba. Daga baya na ji tun kafin in iso gida labarin ya riga ni, wani ya tare shi a bakin masallaci yana yi mashi jaje.

Tun daga rannan sai ruwa da ɗan goro. Abokinshi Illo ya kawo liman ya yi mashi nasiha, cewa rai amana ne, bai halatta mutum ya cuci kanshi ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce gaskiya malam ya faɗa, shi azumin nafila yake yi. Liman ya yi sallama ya tafi. In rana ta faɗi sai Baba ya ci dabino guda, ya kurɓi kunu, shi ma sai ya duba launinshi tukun. Kullum da safe yana ɗaukar sanda ya tafi garken, ya share wurin, ya gyara igiyar maruƙa ya miƙar da ita, ya hura ɗan hayaƙin nan da ake yi wa shanu, ya zauna. Da farko ba ya tsayawa a hanya. Yanzu sai ya huta gindin aduwa kafin ya kai. Zobenshi na azurfa ya mayar da shi babban yatsa, shi ma yana zamewa.

Na yi ta tuna hirar da kinka yi mana da hutun da ya wuce, lokacin da Illo yake tsokanarki, wai shekara huɗu a jami'a don a koyi zuwa jaje da gaisuwar mutuwa, abin da Inno ke yi kyauta tun kafin a haifi malaman naku. Kinka yi dariya kinka ce karatun kula da jin daɗin jama'a ba allura ba ne, ba kuma rabon hatsi ba, ana koya maku yadda za ku zauna da wanda duniya ta juya wa baya har ya sami inda zai dafa ya tashi. Kinka ce an tura ku asibiti da gidan marayu kuna gwadawa, kuma abin da malamarku ta fi ja maku kunne a kai shi ne kada a yanke wa mutum shawarar rayuwarshi a bayan idonshi, ko da alheri anka nufa. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Yanzu na ga abin da ni da Inna munka yi ke nan. Na gwada ɗayan kuma, wato zama da mutum, ina bin Baba garke in zauna nesa kaɗan, ba na cewa komai. Bai kore ni ba, amma bai ci ba.

To ga abin da ya hana ni barin takardar nan sai an jima. Shekaranjiya da hantsi muna zaune a inuwar bukka, Inna tana tankaɗe, Inno tana jan carbi, sai Baba ya juyo ya dube ni ya ce, "Ruƙayyatu ta kusa gama karatun nan?"

Adda, sunanki ya faɗa, da bakinshi, a gaban mahaifiyarshi. Ke kin fi ni sanin abin da wannan yake nufi. Ke ce ɗiyar fari, tun da anka yaye ki anka miƙa wa Kawu Maliki riƙonki Baba bai taɓa kiran sunanki ba, sai dai ya ce waccan ta wajen Maliki, ko a ambace ki ya kau da kai kamar bai ji ba. Inna ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Inno kuwa daga baya ta kira ni gefe ta ce haka kakanmu ya yi, bai taɓa kiran Baba da suna ba sai a ciwon da bai tashi ba. Ta ce namiji ba ya ajiye wagga kunya sai ya ga ba sauran lokacin riƙe ta.

Na daure na amsa mashi cewa saura shekara guda. Ya tambayi me ake koya maki, na faɗa mashi iyakar abin da na gane. Ya juya zoben a yatsa, can ya ce, "To wanda ba ya son a taimake shi fa, me anka ce su yi da shi?" Na ce ban sani ba, amma za ni rubuta in tambaye ki. Ya ce a'a, ba a takarda ba, in kin zo kya faɗa mashi.

Na kai wa Kawu Maliki maganar. Ya ce kada a kuskura a tayar maki da hankali sai kin gama jarrabawa, don in kinka bari ta wuce shekarar ta tafi a banza, kuma ke ce mace ta farko a danginmu da ta kai nan. Gaskiya ya faɗa, na kuma san wahalar da ya sha a kanki. Amma shi yana Isa, ni nake ganin Baba yana dafa bango in zai miƙe daga sallah. Na riga na ɓoye wa mutum guda abin da ya shafe shi, na ga inda ya kai mu, ba za ni ƙara da ke ba. Ban ce ki bar jarrabawa ba, ban kuma ce ki tsaya ba. Ki nuna wa malamarku wagga takarda in kin ga dama, ko akwai yadda za a ɗaga maki. Abin da na sani shi ne ba na jin ƙarfinshi zai kai faɗuwar ruwa.

In Allah Ya sa za ki taho, ki sayo ko tiya guda ta farin gero a Gusau ko Shinkafi, ki riƙo da hannunki. Abin da ɗiyar mutum ta kawo mashi ba wanda zai kira shi sadaka, ina sa ran ko shi ba zai iya kiran shi haka ba.

Inno tana gaishe ki, ta ce kullum kina cikin addu'arta. Inna tana gaishe ki, ba ta san na rubuta ba amma ta ga ina neman takarda ba ta hana ni ba. Hajo da ƙannenmu Habi da Kadijatu suna gaisuwa, haka Illo, wanda ya ce in faɗa maki ya janye tsokanar da ya yi. Ki gaishe da Fadima abokiyar ɗakinki.

Abu na ƙarshe, Adda. In kin iso, kada ki durƙusa daga bakin ƙofa ki gaishe shi ki juya. Ki shiga ciki ki zauna kusa da shi, ko da Inno tana kallo. Allah Ya sa ki tarar da shi.

Ƙanenki,
Halliru