Gurbin Hajiya a Jirgin Ruwa

Gwaggo Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi. Ya gida, ya su Sadiya, ya ƙafar Malam? Mu nan Dubai lafiya, sai dai jikin Hajiya Kaka. Likita ya gaya wa Baba sai addu'a, ita ba ta sani ba.

Da ta ji zancen yawon jirgin ruwa zuwa Maskat da Baba ya biya mana tun kafin ta zo, sai ta ce, "Ni ba za a kai ni in ga tekun ba?"

Na raka Baba ofishin masu jirgin. Suka ce ɗakinmu na mutum huɗu ne kuma mun cika shi, sai an kama wani, kuɗinsa kuwa ya fi albashinsa. Ya yi ta neman ragi, har ya miƙe kamar zai tafi, yadda ake yi a kasuwa. Ba wanda ya kira shi. Da ya dawo ya zauna, ma'aikacin ya ce canza suna a tikiti ba tsada. Na ce a cire nawa a sa na Hajiya. Baba bai iya kallona ba har muka isa gida.

Hajiya tana zaton jarrabawa ce ta hana ni. Don Allah kada ki gaya mata. Saura mako uku, ku taya mu roƙon Allah ya kai ta ranar. A gaida kowa.

'Yarki,
Nafisa