Ranar Hantsi don Baturiya

Talata, 6 ga Maris, 1979
Na ajiye tifar da nake tuƙawa a aikin madatsar ruwa na kai matata Baturiya asibitin kamfani. Ƙafar hagu ta yi mata nauyi, ido ɗaya yana gani dishi-dishi. Tsorona kada ta zauna ke nan. Likitan, wani Bature, ya ce ciwon jijiya ne da ya yi yawa a ƙasarsu mai sanyi, nan kuwa da wuya. Wai wasu masana na zargin ƙarancin rana, don rana ke sa jiki ya yi bitamin D. Ya ce zato ne, ba tabbas. Zato? Rana a Mafara! Kamar in yi rawa.

Alhamis, 8 ga Maris
Rigima da Gwaggonta, wadda ta rene ta. Tun tana ƙarama take ɓoye ta a inuwa kada farinta ya dushe, ko shanya ba ta bari ta yi. Na shimfiɗa tabarma tsakar gida da hantsi. Gwaggo ta ce, "Gidaɗo, ɗiyar tawa za ka shanya kamar kuɓewa?" Baturiya ta yi dariya har da hawaye.

Asabar, 17 ga Maris
Ta taka daga ɗaki zuwa randa ba dafa bango! Allahu akbar!

Lahadi, 1 ga Afrilu
Idon ya washe. Ta yi duhu, wallahi ta fi kyau. Na cika direbobi da labari har sun laƙaba mini Likitan Rana. Su yi ta yi. Bature ya ce kada in yi saurin murna, ciwon yakan lafa ya dawo. Mutumen ga bai iya farin ciki ba.

Juma'a, 20 ga Afrilu
Ta faɗi bakin murhu. Yanzu ƙafar dama ce.

Talata, 8 ga Mayu
Ni ke ɗauko ta zuwa tabarma. Yau Gwaggo ta riga ni shimfiɗawa. Baturiya ta ce ko ba ya magani tana son hantsin nan, kada a hana ta. Wa ya ce ba ya magani? Zai yi, in Allah ya so.
Na biya kasuwa na sayo sanda mai kauri, na sa an rage ta daidai tsawonta. Don korar kaji ne kawai. Ta karɓa ta jinjina, ba ta dube ni ba.