Ƙurun Auta

Malam,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga ɗakina zuwa inda kake. Allah Ya kai haske kabarinka. Na sani ba za ka karanta wagga takarda ba, kuma ba ni da wanda zan ba ya kai maka. Amma alƙalaminka na nan, tawadar da ka dafa ba ta ƙare ba, ni kuwa bakina cike yake da magana, kuma ba wanda nake so ya ji ta sai kai.

Gida lafiya lau. Geron gonar hanyar Jabo ya yi kyau, an yanke an ɗaure. Ɗiyarmu Ladi ta sauka lafiya, namiji, an mayar masa da sunanka, ka ga an ƙara mini wani da ba ni iya kiran sunansa. Ta zo wankan jego nan gida, ita ke ɗebe mini kewa. Ni ina cikin takaba har yanzu, ban leƙa ko zaure ba tun ranar da aka fita da kai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa labarin Bidi ne, ƙurun ɗanmu Auta, ɗan guntun dokin nan nasa.

Kai ka fi kowa sanin tarihinsa, amma bari in maimaita, don maimaitawar tana yi mini daɗi. Shekarar da shan inna ya shanye ƙafar Auta, ni kuka kawai na iya. Kai kuwa ka tafi kasuwar Dogon Daji ka dawo janye da wani ɗan doki ramamme mai ƙaton ciki. Ka tuna irin tsiyar da na yi maka? Dillalin dawaki guda, wanda hakimai ke aiko wa, ka rasa abin da za ka kawo gida sai ƙanen jaki! Murmushi ka yi ka kafa masa turke. Daga nan na zuba ido ina ganin ikon Allah. Ka koya masa tsayawa jikin turmi don yaro ya taka ya hau. Ka riƙa ɗora masa buhun ƙaiƙayi kana zamar da shi gefe, har ya gane cewa da zarar abin da ke bayansa ya karkace, tsayawa ake yi. Ka riƙa ɗaure shi bakin hanyar mota, manyan motocin da ke zuwa Jega suna wucewa da ruri, har ya daina ko ɗaga kunne. Sukuwa kam ba ka taɓa koya masa ba. A bayansa Auta ya je makarantar allo, ya je fadama, ya je Idi kamar ɗan kowa.

To, Auta ya girma, Malam. Ƙafarsa mai lafiya ta kusa jan ƙasa in ya hau, shi da kansa ya ce yana jin tausayin bayan Bidi. Yanzu yana zama zauren maƙwabcinmu yana koyon aikin hula, da sanda yake zuwa, kuma hannunsa ya faɗa. Sai wanka, Yaya Mamman, ya aiko cewa ƙurun yana cikin gado, dole a sayar kafin a raba. Har ma ya sami mai saye, wani falke mai kai fatu Jega, wanda zai riƙa labta masa kaya. Ba na ce Yaya Mamman mugu ba ne, gaskiyarsa ce, harawa ba kyauta ake samunta ba. Amma matan unguwa sun ba ni labarin jakunan mutumin nan, ba wanda bayansa ba miki. Dabbar da ta ɗauki ɗana shekara da shekaru ba ta taɓa kayar da shi ba, ita ce za ta ƙare a ƙarƙashin ƙiraga da bulala? Na aika Ladi ta roƙi Yaya Mamman, ya ce ya ba ni zuwa ranar rabo in samo wani mai sayen, in ban samu ba falke ya ja abinsa.

Ta yaya mai takaba za ta sayar da doki, ba ta fita, ba ta magana da maza? Sai na tuna takardunka. Na tuna yadda kake zama kan buzu ka rubuta siffar doki da ajami, ka ba masu mota ko fatake su kai Kebbe da Sanyinna, abokanka dillalai su karanta ranar kasuwa. Ni ina gefe ina kaɗi, kana karanta mini, ina cika ina batsewa. Kullum da aibi kake farawa! Wanga yana tsoron ruwa, wancan ya taɓa yin sanyin ƙafa, wanga ba na tsoho ba ne. Nakan ce maka wane irin dillali ne ke korar masu saye da hannunsa. Kai kuma ka ce ba masu saye kake nema ba, mai saye ɗaya kake nema, wanda aka yi dokin dominsa.

Ka san halina, ban ji ba. Da na zauna rubuta tawa, sai na ce yau zan nuna yadda ake talla. Na wasa Bidi kamar maroƙiya a gidan biki. Na ce iska ne, na ce ba a gabansa, na ce ɗan sarki ma sai ya yi alfahari da shi. Kada ka yi mini dariya, ina jin ka daga nan. So ne ya sa, gani nake in na yabe shi sosai za a ga darajarsa.

Takardar kuwa ta yi aiki, amma ba irin wanda nake so ba. Wani saurayi ɗan masu hali ya zo daga Sanyinna da abokansa, da ƙaimi a ƙafa. Ina bayan katanga ina jin komai. Ya haye, ya sunkuya gaba zai saki linzami, Bidi kuwa ya ji nauyi ya karkace, ya tsaya cak yadda ka koya masa. Yaro ya sa ƙaimi, Bidi yana tsaye. Ya ƙara, yana tsaye. Mutane suka fashe da dariya, saurayi ya sauka yana zage-zage, wai an kira shi ya ga iska ya tarar da turmi. Da aka shigo da Bidi akwai jini a haƙarƙarinsa. Auta ya wanke masa da ruwan ɗumi. Kafin la'asar duk Tambuwal ta ji cewa ƙurun gidan marigayi mataccen doki ne.

Washegari da hantsi na sake shimfiɗa buzunka. Na ce da kaina, da Malam ne, mi zai fara faɗi? Sai na ga abin da na kasa gani duk shekarun nan. Abin da saurayin nan ya zaga, shi ne fa abin da ka yi wata da watanni kana ginawa. Ashe ba dokin ne da aibi ba, takardata ce ta kira wanda ba nasa ba. Na sa Auta ya buɗe bakin Bidi ya gaya mini yadda haƙoransa suke, na sa mijin Ladi ya tsaya jikinsa aka gwada tsawo, don ban taɓa ganin ka rubuta abin da ba ka duba ba. Ga abin da na rubuta, ka duba mini ko na kama hanya:

“Ƙuru ne, ba ingarma ba. Mai neman dokin sukuwa ko na ado ya wuce, wanga ba nasa ba ne. Launinsa bidi, tsawonsa iya ƙirjin babban mutum. Ya fara manyanta, amma ƙafafunsa lafiya, bayansa ba miki. Ba ya gudu ko an doke shi. In mahayi ya karkace sai ya tsaya, ba ya ɗaga ƙafa sai an gyara zama. Yana tsayawa jikin turmi a hau shi. Ba ya harbi, ba ya cizo, ƙarar mota ba ta razana shi. Yana da kwaɗayin dusa, in ya ga ƙwarya sai ya bi ta, kuma ba ya shiga ruwa sai an ja shi. Yaro mai shan inna ya hau shi tun yana ƙarami har ya girma, bai taɓa faɗuwa ba. Wanda Allah Ya ba irin wanga yaro ya zo da shi Tambuwal, gidan marigayi dillalin dawaki, yaron ya hau tukuna kafin a yi maganar ciniki.”

Maganar shan innar nan ita ta fi ba ni wuya. Ka san ban taɓa son a ambaci ƙafar Auta ba, ko a cikin gida, balle a karanta ta tsakiyar kasuwa. Na riƙe alƙalami har tawada ta bushe. Daga baya na kira shi na tambaye shi ko ya yarda. Ya dube ni ya ce in rubuta, ai ba shi kaɗai ba ne a duniya, kuma in ba a faɗa ba yaya uban wani yaron zai san da shi ake. Malam, wanga ɗa naka ne, ba inda ya baro ka.

Yaya Mamman da ya ji abin da ke cikin takardar, an ce dariya ya yi har da tari, ya ce cutar ƙanensa ta kama ni. Aka ba wani direba ya kai Kebbe wurin abokinka Na-Allah. Kasuwa ta ci ta watse, shiru. Wata ta zagayo, shiru. Falke ya zo har turke yana latsa bayan Bidi yana auna irin kayan da zai ɗauka, ina jin muryarsa daga ɗakina. Na fara cewa ko gaskiyar taka kai kaɗai take yi wa aiki? Ko na kashe kasuwar dabbar nan da hannuna ne, sau biyu? Kai ma haka kake ji in ka aika takarda ka zauna jira, ka ɓoye mini?

Ana jibi rabo, da rana tsaka, aka yi sallama. Ladi ta riƙa kai da kawowa tsakanin zaure da ɗakina, jariri a baya, tana kawo mini rahoto tana haki. Wani manomi ne mai 'yan shanu daga bayan Kebbe. Ya je sayar da maraƙi ya ji Na-Allah yana karantawa, ya roƙe shi ya sake karanta masa, sannan ya koma gida ya ɗauko ɗansa Isiya a kan jaki. Yaron shi ma mai shan inna ne, bai wuce shekarun Auta na lokacin da ciwon ya same shi ba, shi ƙafafunsa duka biyu ne ma, da jan gindi yake yawo. Uban ya ce shi bai je kasuwa da niyyar sayen doki ba, bai ma san ana yin irin wanga doki ba.

Auta ne ya sa aka mirgina turmi ƙofar gida. Shi ya nuna wa yaron inda zai riƙe, ya hana uban tallafe shi. Ladi ta ce yaron ya zame gefe don tsoro, uban ya zabura, Bidi kuwa ya riga ya tsaya, yana jira a gyara zama. Ni ban ga wannan ba, ina tsakar gida tsaye, hannuna a ƙirji, ina jin takun kofato a hankali yana bin jikin katanga. Can sai ga kan yaro ya ɓullo bisa katangarmu, da 'yar hula a karkace, idanu waje. Ya dubi rufin ɗakuna, ya dubi rumbu, ya dubo ƙasa ya gan ni. Ya washe baki ya gaishe ni, sannan ya juya yana ƙwala wa ubansa kira wai ya zo ya gani, ya fi kowa tsawo. Na amsa gaisuwar da ƙyar, na durƙushe nan wurin na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana'izarka. Da aka kira Yaya Mamman bai ja ciniki ba, ya sallama wa manomin, Ladi ta ce sai gyaran murya yake ta yi yana duban wani wuri.

Sun kwana, da safe suka kama hanya, yaron a kan Bidi, uban yana janye da jaki. Auta ya raka su da sandarsa har bakin hanyar mota, yana ta jaddada musu maganar dusa da ta ruwa. Ya dawo idanunsa ja, amma ya ci tuwonsa ya koma kan hularsa.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk mitar nan da nake yi maka, ina yi ne ina jin daɗi a raina. In mata suka ce mijina ba ya ƙarya ko a kan doki, kaina har wani girma yake yi, sai dai ban iya faɗa maka ba, ka san mu da kunya. Na ɗauka akwai lokaci. Ban taɓa ganin mutum mai kyan hali da sanin aikinsa kamarka ba, Malam, kuma na gode wa Allah da Ya sa a gidanka na zauna.

Bidi yana Kebbe, ba kaya a bayansa sai yaro. Na so ka sani. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sada mu a inda ba rabuwa.

Ni ce taka,
uwar Auta