Baƙin Salatif a Kan Wutar Inji

Fatakwal

Zuwa ga ƙanwata Rahmatu,

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan rabona da Minna, kuma wannan ce takarda ta farko da na zauna na rubuta wa wani a gida. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Sadiq da yaronmu Amir. In kin leƙa Kpakungu ki durƙusa ki gaishe min da Inna, ki ce mata ciwon ƙafata ya yi sauƙi, ko da yake bai yi ba.

Ndaceko direban motar doya ya kawo min kulikulin, ya kuma kawo saƙonki na baki. Takarda na zaɓa don kin san halina a waya. Ba na minti biyu ban fara faɗa ba, ke kuma sai ki kashe.

Ya ce motar hayar Sadiq tana karkarwa da safe, kuma wutar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji tana kunnuwa a gaban direba. Ya ce duk Juma'a, bayan an wanke motar, Sadiq yakan biya wajen wani mai kwamfuta a bakin shataletalen Kpakungu, a jona, a danna, wutar ta mutu, ya tafi masallaci da farin ciki. Rahmatu, wannan ba gyara ba ne. Motar ce take faɗin inda ke mata ciwo, ake biyan kuɗi a toshe mata baki.

Ga abin da nake so. Ranar Juma'a ki bi shi. Kafin mutumin ya goge komai, ki dubi fuskar na'urar. Za ki ga harafi ɗaya da lambobi huɗu. Ki kwafe su yadda suke. Ki kuma lura min: wutar a tsaye take, ko ƙyaftawa take yi?

Kada ki ce wa Sadiq ni na aiko ki. Yana cikin waɗanda suka riƙa kirana Likitan Mota a garejin Baba Jiya lokacin da na sayo na'urata, suna dariya wai na kawo talabijin zan duba inji. Ba riƙo nake yi ba. Mantawa ce ta ƙi zuwa.

Nan ruwa ake yi ba dare ba rana, kayana ba sa bushewa. Ina nan ina tari kaɗan-kaɗan. In Allah Ya yarda, kafin babbar sallah zan dawo in kama ɗan shago kusa da Inna, in daina kwana a bayan garejin mutane.

Yayanki,
Sanda

*

Maitumbi, Minna

Yaya Sanda,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, Inna ta sa na karanta mata har sau biyu. Da na zo wajen shagon nan, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tabarmarka ta shanya. Na ce, "Inna, ai da saura." Ta ce in bar ta.

Na bi Baban Amir kamar yadda ka ce. Na fake da cewa zai sauke ni a Kasuwar Kure. Da na fito da biro, mai kwamfutar ya ce, "Hajiya, jarrabawa za ki rubuta ne?" Baban Amir ya kalle ni ya ce, "Wannan aikin Fatakwal ne. Rubuta, rubuta, ki aika wa Likita." Ka ga ɓoyon bai yi ba.

Ga abin da na gani: P0302.

Wutar kuwa da tsaye take, amma tun makon jiya ta fara ƙyaftawa, musamman in ya ɗauko lodi yana hawan tudu. Fasinjojin Suleja har sun fara magana. Wata mata ta ce a sauke ta a Chanchaga, ita ba za ta bi motar da ke mata ido ba.

Yaya, ba don komai na dame ka ba. Motar nan ita ce tukunyarmu. Ɗan geron da nake aunawa a kasuwa ko kuɗin makarantar Amir ba ya kaiwa. Shi kuma in na yi magana sai ya ce shekararsa goma sha a kan titi, mota ba ta taɓa kwana da shi a daji ba.

Ka faɗa min abin da lambar take nufi da Hausar da zan gane. Ka kuma riƙa shafa man zafi a ƙafar, na san ƙarya ka sa in yi wa Inna.

Ƙanwarka,
Rahmatu

*

Fatakwal

Rahmatu,

Sallama da gaisuwa. Allah Ya yi miki albarka, kin kwafo daidai.

Injin motarku silinda huɗu gare shi, ki ɗauke su kamar murhu huɗu a jere, kowanne da wutarsa. Lambar nan cewa take yi murhu na biyu yana fashin kamawa. Biyun da ke ƙarshe ita ce ta nuna wanne ne. Iyakar abin da ta sani ke nan. Ba ta ce fulogi ne ba, ba ta ce kwayil ne ba, wato abin da ke ba fulogin wuta. Nan ne mutane suke ɓata. Wasu su goge lambar, wasu su ruga kasuwa su sayo kaya tuli suna canzawa a makance. Lamba ƙofa kawai take nuna maka. Shiga ɗakin aikinka ne.

Ƙyaftawar ce ta tsaya min a rai. Wuta a tsaye tana cewa a duba ni in an samu sarari. Mai ƙyaftawa cewa take yi a tsaya yanzu.

Ku je wajen Baba Jiya. Eh, shi. Ya wulaƙanta ni a gaban yaransa, ya ce wanda bai iya jin inji da kunne ba ya je ya sayar da katin waya. Amma ban taɓa ganin ya ɗaura wa mutum tsohon kaya ya ce sabo ne ba, kuma hannunsa ba ya ɓata zaren noti. Ki ce ya ciro kwayil da fulogin na biyu ya sa su a na uku, na ukun ya dawo da su na biyu. A ɗan zaga da motar, sannan a koma wajen mai kwamfuta ya karanta. In lambar ta koma 0303, ciwon ya bi kayan, ku gode wa Allah, abin ƙanƙani ne. In ta tsaya a 0302, to ciwon yana cikin injin.

Ki kuma tambayi Sadiq, ba da faɗa ba: yana ƙara ruwa a lagireto fiye da da? Salansa tana farin hayaƙi da safe?

Maganar tabarma kuwa, da ba ki faɗa min ba.

Sanda

*

Minna

Yaya Sanda, Likitan Mota na duniya,

Gaisuwa da ban girma. Yau ni da kaina na karɓe biron, don ƙanwarka ta mai da gidana ajin koyon kanikanci. Ko tuwo na nema sai an ce min silinda.

Mun je wajen Baba Jiya. Ya yi musayar da ka ce. Abin da zai ba ka dariya, tsohon da kansa ya hau motar muka tafi shataletale, ya sa tabarau ya leƙa kwamfutar. Lambar tana nan a biyunta. Amma shi tun kafin nan ya riƙe fulogin yana juyawa. Sauran ukun da baƙi-baƙinsu, wannan kuwa fes kamar an wanke da sabulu. Na ce to ai shi ne mai lafiyar. Ya ce, "Kai yaro, ruwa ne yake wanke shi. Gasket ya tafi. Ajiye mota." Ya ce in gaya maka talabijin ɗinka bai yi ƙarya ba.

Ruwa kam ina ƙarawa, galan guda zuwa Suleja. Amma Yaya, ajiye mota a bakin wa? Sallah ta matso, yanzu ne fasinja yake. Buɗe inji mako guda ne ba aiki, ga kuɗin gyara. Mutanen tasha sun ba ni dabara: na fasa ɗanyen ƙwai biyu a lagireto, ya toshe. Wutar kuma na manna mata baƙin salatif, fasinja sun samu lafiya, ni ma na samu. Bayan sallah wallahi zan kai ta.

Kai dai ka zo da tsaraba. Ka bar mota ga direba.

Ƙaninka,
Sadiq

*

Fatakwal

Sadiq,

Na amsa gaisuwarka. Ba zan maka faɗa ba, don ni ma na san abin da ake nufi da wayewar gari ba ko sisi. Ba wauta ce ta sa ka ba, na yarda.

Amma ka ji. Ƙwai yakan toshe ɗan huji a lagireto. Naka hujin ba a can yake ba, yana jikin gasket, tsakanin kan inji da gindinsa, inda wuta take. Ruwan da kake zubawa cikin silinda yake shiga. Yau gasket ne kawai da ɗan facin kan inji. In ka ci gaba, wata rana ruwan zai taru fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a silinda, ya buga shi, kuma ruwa ba ya matsuwa. Ƙarfe ne zai lanƙwashe.

Kuɗin gasket da na aikin Baba Jiya ni zan biya, ba rance ba. Cefanen makon ma zan aiko. Ka cire salatif ɗin nan. Ka ajiye motar ranar da takardar nan ta same ka.

Ka gaida Baba. Ka ce na ji saƙonsa, kuma fulogin nan ni da sai na ɓata rabin yini kafin in gano.

Sanda

*

Maitumbi, Minna

Yaya,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba.

Takardarka ta zo. Baban Amir ya karanta, ya ce gaskiya ka faɗa. Ya ce zai kai motar gareji, amma ya riga ya karɓi shatar wasu masu kai amarya Lambata, ba zai kunyata su ba. Sawu ɗaya kawai. Na riƙe makullin, ya ce, "Maman Amir, so kike a ce na ci kuɗin mutane?" Na sake masa.

Bayan Paiko kaɗan motar ta yi wata ƙara ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Masu biki suka tari wata motar suka bar shi a bakin titi da kwanukansu. Janyo ta aka yi da igiya.

Baba Jiya ya buɗe. Baƙin man ya koma kamar kunun gyaɗa. Ya nuna min wani ƙarfe a karkace, da tsaga a jikin injin. Ya ce ba abin da zai ɗauka a ciki sai 'yan tarkace, sai dai a nemo wani injin na hannu, ɗan Beljiyam. Da ya zauna a kujerar direba ya ga salatif ɗin, ya ɓare shi a hankali ya manna a gaban rigar Baban Amir. Ni da ya zage shi ma da ya fi.

Tun ranar Baban Amir ba ya fita. Yana zaune a zaure, ko rediyo ba ya kunnawa. Ya hana ni rubuto maka, ya ce ba shi da idon da zai kalle ka. An maido Amir daga makaranta. Ba roƙonka nake yi ba, Yaya, na san abin da kake tarawa da abin da kake tara shi dominsa. Na dai ga bai kamata ka ji a bakin Ndaceko ba.

Inna ba ta sani ba. Jiya ta sa an yi wa ɗakinka shafe.

Rahmatu

*

Fatakwal

Rahmatu,

Wa alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba. Tunda ba rai a ciki, da sauƙi.

Na yi fushi, na gama. Ki ce wa Sadiq ya tashi daga zauren nan, ya bi Baba Jiya su zaɓo injin tare. Kada a biya sai an tayar da shi an jona kwamfuta a gabansu, a karanta, ba a goge ba. In an ɗaura, wutar nan ta zauna a buɗe. Sharaɗina ke nan, ba ni da wani.

Inna kuma ki ce mata aiki ya riƙe ni, sai wata sallar. Ta naɗe tabarmar kada ta yi ƙura.

Ga abin da nake da shi bayan shekara huɗu: naira dubu ɗari takwas da arba'in, na'urata, da akwatin sifana. Kuɗin suna hannun Ndaceko. Sauran biyun suna nan tare da ni.

Yayanki,
Sanda