Sandar da ka jingine a bakin ƙofa

Zuwa ga maigidana, Baban Sa'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwancinka. Mu nan sai godiya. Sa'a da ƙannenta suna lafiya, damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai amsar ƙarar da ka ɗaukaka ta iso, kwana tara bayan sadakar arba'in ɗinka. Ka san abin da muka rataya a kanta. In manyan soja sun yarda raunin da ka samo a bakin daga ya nakasa ka, haƙƙin da za a riƙa bayarwa zai riƙe gidan nan, gonar bayan gida ta tsira. In ba su yarda ba, sai sayarwa, kamar yadda yayanka Sale yake ta faɗa tun kana kwance.

Ba su yarda ba, Malam.

Da Turanci suka rubuto, shi ya sa na aika unguwar Bacirawa aka kira Saje Buba, abokinka da kuka yi daji tare. Ya zauna a zaure, ina daga bayan ƙofa, yana karantawa yana fassara mini. Da ya zo wani layi, sai da na roƙe shi ya faɗa yadda yake, kada ya rage komai. Wai ranar da likitocinsu suka duba ka, da ƙafarka ka shiga, ba sanda, ba mai riƙe ka, ka ƙame ka sara musu, kuma da bakinka ka ce da sauƙi. Don haka hukuncin farko yana nan, raunin bai kai nakasa ba. Wai kuma daga wannan babu wani mataki.

Ba su yi maka ƙarya ba ko ɗaya. Abin da ke cin raina ke nan.

Ina tuna ranar. Mutum biyu suka ɗaga ka suka sa a mota a tashar Minjibir, ka zauna a karkace har birni saboda ƙarfen da ke cikin kwankwasonka. A layin jira Saje Buba ya ce maka, "Kofur, in ka shiga, ka bar ciwon ya yi magana." Ni kuma na matso na raɗa maka, "Ka ji tsoron Allah, kada ka ƙara ko ƙwayar gero a kan abin da ke jikinka."

Aka kira sunanka. Ka ja jiki zuwa bakin ƙofa, ka tuɓe takalmi, ka jingine sandarka a bango. Haka mahaifinka yake yi a ƙofar dagaci, haka kake yi a zauren malaminka. A wurinmu ba a shiga gaban manya da sanda a hannu. Da ka hango taurari a kafaɗunsu kuwa, jikinka ya miƙe da kansa, irin miƙewar da suka koya maka. Taku bakwai ka yi, na ƙirga kafin a rufe ƙofar.

Ba su ga fitowarka ba. Ba su ga yadda ka zube a barandar ba, wandonka ya jiƙe da jini da ruwan ciwo. Tun daga ranar ba ka sake sallah a tsaye ba.

Shi kuma "da sauƙi", wa aka taɓa yi wa ya jiki a garin nan ya amsa da wani abu daban? Inna ma da safiyar ranar da ta rasu haka ta amsa mini. Ka ce ɗaya daga cikin likitocin da Hausa ya gaishe ka. To, ya san wannan amsar, a gidansu ma ita ake bayarwa. Ya sani, ya rubuta.

Shekara shida ina gasa ciwon nan da ruwan ɗumi da gishiri, safe da yamma. Ba wanda ya kira ni ya tambaye ni abin da na gani. Taku bakwai suka auna, suka bar shekara shida. Ladabin da iyayenka suka koya maka, da tsayuwar da su da kansu suka koya maka, su suka haɗa suka kafa hujja a kanka.

Nima ina da nawa laifin. Ko yau ba zan ce ka yi ƙarya ba. Amma da na ce maka ka shiga da sandarka, ka ɗaga rigar su gani, ai ba ƙarya ba ce. A makarantar allo an koya mini tsoron ƙara wa gaskiya, ban lura rage ta ma cuta ba ce. Ka yafe mini, Malam.

Yaya Sale ya zo jiya da mutanen birni masu yanka fuloti. Ban yi musu ba, don ba ni da abin da zan riƙe yaran nan da shi. Na roƙi alfarma ɗaya, su bari mu girbe gero mu cire gyaɗa kafin su kafa duwatsunsu. Sun yarda. Wannan ce kakarmu ta ƙarshe a gonar ubanka.

Matar liman ta ce in yafe wa likitocin da manyansu, zuciyata ta huta. Na gwada, Allah Ya sani, har a sujada na gwada, bakina ya ƙi. Ba zan furta abin da babu shi a raina ba. Ban tsine wa kowa ba, amma ban yafe ba. Na bar su da Wanda ba a rufe wa ƙofa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya raya mana abin da ka bari, Ya sada mu a inda babu ciwo. Amin.

Wassalam.
Ni ce matarka,
Maman Sa'a